Mai Kuɗi Ya Sayi Kulob, Gardama Ta Kwana a Unguwarmu

Kwana uku bayan babbar sallar 2024, da daddare, ɗan yayana ya iso teburin mai shayi cikin sabuwar jesi shuɗiya mai haske, irin launin sama da hantsi, an buga sunan Haaland da lamba 9 a gadon baya. Shekararsa 14. Burodi aka aiko shi saye. Bai gama sallama ba telan layinmu ya dire kofinsa a kan benci.

"Zo nan, yaro. Wa ya saya maka wannan riga?"

"Da kuɗin barka da sallata na saya, Kawu."

"Ubanka ɗan Arsenal. Baffanka ga shi nan zaune, ɗan Arsenal. Kai a ina ka tsinto City?"

Yaron ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Kawu, ni tun da na yi wayo su nake gani suna ɗaga kofi."

Majalisa ta kece da dariya. Tela ya ce shi ke nan, an samu ƙarin ɗan a bi yarima a sha kiɗa. Mai gyaran waya, wanda Chelsea ta bi masa jini, ya karɓe da cewa City ai ba kulob ba ne, rijiyar mai ce aka ɗinka wa jesi. Sai Baba, dattijon da ke zama a ƙarshen benci da rediyonsa, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya ɗago kai.

"Kai ma har da bakinka? Kafin Baturen Rasha ya zo da jakarsa, a ina kake?"

Nan aka ƙyale yaro ya tafi da burodinsa, aka koma kan juna. Ba a tashi ba sai da mai shayi ya fara kife kofuna.

Haka muke. A unguwarmu babu wanda aka binne cibiyarsa a Landan ko Manchester, babu wanda kakansa ya riƙe wa hannu ya kai Highbury. Kowa da ƙofar da ya shigo, kuma in aka bi diddigi, a bakin kowace ƙofa nasara ce take tsaye tana yafito mutum. Ni ta ƙofar Kanu na shigo. A watan Oktoban 1999 muna zaune a ƙasa a falon wani maƙwabci mai tauraron ɗan adam, Chelsea ta ci Arsenal biyu, saura minti 15 a tashi, ruwa na zuba a filin, sai dogon nan namu ya zura uku shi kaɗai. Ta ƙarshen daga can bakin layi ya bugo ta, ta inda ba wanda ya zaci ƙwallo za ta bi. Tun ranar zuciyata ta zauna. Tela shi ma a shekarar ya kama Man U, daren da suka farke Bayern suka ƙara a mintunan ƙarshe a Barcelona, suka haɗa kofi uku. Yaron da ke kallo daga nisan duniya ba ya zaɓen wanda ake lallasawa. Mu ba mu yi ba, ban ga dalilin da za mu ce ɗan yau ya yi ba.

Abin da ya canja shi ne hanyar da nasarar ke zuwa. Da can gini ce, tubali bisa tubali. Ferguson kansa sai da ya shekara shida da rabi a Man U kafin ya ga kofin lig na farko. A 2003 aka nuna wa duniya cewa ana iya sayo ta a cin kasuwa ɗaya.

A watan Yulin shekarar Roman Abramovich ya sayi Chelsea daga hannun Ken Bates, a kan wajen fam miliyan 140, har da bashin da ya yi wa kulob ɗin katutu. Kulob ne da rabonsa da kofin lig tun 1955. Kafin damina ta ɗauke ya zuba sama da fam miliyan 100 a sayen 'yan wasa, shekara na zagayowa ya ɗauko Mourinho, a 2005 kofi ya zo, a 2006 ya sake zuwa. Mu a nan da idonmu muka ga abin yana tsiro. Gidan kallonmu na lokacin rumfar kwano ce, benci takwas, talabijin biyu a kan kanta, janareta na kuka a bayan katanga, a bakin ƙofa allo da ake rubuta wasannin ranar da alli, shiga naira 20. 'Yan Chelsea ko benci ɗaya ba sa cikawa. Su huɗu ne, kuma saboda Babayaro ɗan Kaduna suke zuwa. Da Drogba ya zo, Essien ya biyo baya, Mikel ya iso a 2006, sai shuɗi ya cinye rabin rumfa, har mai gidan kallon ya kira kafinta ya ƙaro benci. Huɗun nan har gobe 'yan asali suke kiran kansu, sauran duk a wurinsu 'yan ci-rani ne.

To amma akwai abin da masu cewa "kuɗi kawai suka bi" ba sa lura da shi. Kuɗi suna kawo mutum bakin ƙofa, mu mutanen layi mu muke rufe ta a bayansa. Da zarar an san ka da kulob, ya manne da sunanka. In akwai masu suna ɗaya su uku a layi, da kulob ake rarrabe su, wane Chelsea, wane Barca, wane Madrid, kuma yaron da aka aiko nemanka da wannan sunan zai tambaya. Mai adaidaita ya liƙa tambari a gilashi, mai aski ya yi wa shago fenti, mai shago ya rataya kalanda. Ranar da aka ci ku, kafin ka shafa addu'ar asuba akwai mai jiranka a inda ake ajiye takalma. Ranar da kuka ci, kai za ka yi jiran. Bashin tsokana ne da ake ci ana biya shekara da shekaru, kuma wanda ya canja riga kamar ya ci bashin jama'a ne ya gudu. Mutum ɗaya na san ya taɓa yi. Ya bar Liverpool ya koma Chelsea a farkon 2005, 'yan watanni kafin Liverpool ɗin ta fitar da Chelsea ta wuce Istanbul ta ɗauko Kofin Zakarun Turai. Yau ga shi da furfura da 'ya'ya biyar, amma Mai Riga Biyu ake ce masa, kuma in gardama ta yi zafi ba a sauraron nasa.

Mai gyaran wayar nan da Baba ya rufe wa baki, gaskiya ne a zamanin Drogba ya shigo. Amma ni na ga ranar da aka gwada shi. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta auka wa Yukren, gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Abramovich takunkumi. Aka hana kulob sayar da sabon tikiti, aka rufe shagon jesi, aka hana saye da sayar da 'yan wasa. Na same shi a rumfarsa da wayar wani a buɗe a gabansa, ƙarfen liƙi ya huce a hannunsa bai sani ba.

"Yaya, wai da gaske kulob kamar wannan zai iya rushewa?"

Bai rushe ba. A watan Mayu Todd Boehly da kamfanin Clearlake na Amurka suka saya a kan fam biliyan 2.5. Suka sallami Tuchel, kocin da ya kawo Kofin Zakarun Turai a 2021, suka zuba sama da fam biliyan 1 a kan samari masu kwantiragin shekara bakwai da takwas, kulob ya ƙare na 12 a kakarsu ta farko. Mutumin nan bai motsa ba. Ya sha tsokana har ta ishe shi, bai fasa zuwa gidan kallo ba ko sau ɗaya. Sai dai in yana ba da labarin shekarun baya, "zamanin maigida" yake cewa, kamar mai tuna ubangidan da ya yi masa aure ya ba shi jari.

Kalmar nan ta maigida ita take tsaya mini a rai. Abramovich ya yi arzikinsa ne a hargitsin da ya biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, lokacin da aka yi gwanjon kamfanonin gwamnati ga 'yan tsiraru masu hanya. Kamfanin mai na Sibneft ya faɗo hannunsa da araha, a 2005 ya sayar wa Gazprom a kan wajen dala biliyan 13. A gida, in muka ga mutum ya kwana talaka ya wayi gari da jerin motoci, mun iya tambaya, mun iya ƙus-ƙus har a wurin zaman makoki. Mun san zafin a raba kayan jama'a ga 'yan uwa da abokai. Amma shekara 19 ana tafa wa wannan dukiya a rumfunanmu, ban taɓa jin wanda ya ce daga ina ta fito ba. So hana ganin laifi. Mu 'yan Arsenal ma ba mu tsira ba, domin mun shekara muna fatan Usmanov, wani hamshaƙin daga can, ya ƙwace kulob daga hannun Kroenke, ba don mun san halinsa ba, don kawai muna jin zai saya mana 'yan wasa. Wannan yana damuna, kuma ina ganin ya kamata ya dame mu.

Tela shi nasa ciwon daban ne. Masu kuɗin da suka zo masa ba zubawa suka zo yi ba, kwasa suka zo yi. Ya shekara yana tsine wa iyalan Glazer ba tare da ya gane ainihin abin da suka yi ba, sai wani dare da Alhaji, maƙwabcinmu mai shago a Kantin Kwari, ya warware masa.

"Malam, a ce shagon nan naka ba a bin sa ko sisi, ciniki na tafiya. Sai ni in je banki in ce su ranta mini kuɗin sayensa. Su ce ina jingina? In ce shagon da zan saya shi ne jinginar. In saya. Daga ranar, duk ɗinkin da yaranka suka yi, kuɗin ruwan banki za a fara cirewa, sannan in ɗebi rabona, abin da ya rage a sayi zare. Keke in ya lalace a ɗaure shi da tsumma."

Tela ya daɗe bai ce komai ba. "Alhaji, wannan ai ba ciniki ba ne."

"A can doka ta yarda."

Haka kuwa aka yi a 2005. Malcolm Glazer ya sayi Man U a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawansu rance, aka ɗora sama da fam miliyan 500 a wuyan kulob ɗin da a da ba a bin sa bashi. Muddin Ferguson na nan, nasara ta rufe ɓarakar. Da ya ajiye aiki a 2013 sai ta fito fili: sama da shekara 10 babu kofin lig, koci ya zo koci ya tafi, rufin Old Trafford na yoyo har muka ga ruwa na kwarara kan kujeru a bidiyo. Tela mutum ne da ya hau motar dare zuwa Abuja a 2008 don ya ga Man U ta buga da Portsmouth, kuma tikitin yana nan a aljihun keken ɗinkinsa, a naɗe cikin leda tare da allurai. Yana zagin masu kulob safe da yamma, yana kuma ɗinka wa ɗansa jar riga duk sallah. A wurinsa babu saɓani a ciki. Su baƙi ne da suka sauka, kulob nasa ne.

A kan wannan maganar muke haɗuwa da mutanen can, a kanta kuma muke rabuwa. Su kulob ɗin a ƙarshen layinsu yake. Abin da mai kuɗi yake taɓawa in ya zo, kayan gadonsu ne: launi, suna, fili, kuɗin shiga. A 2012 Vincent Tan, attajiri ɗan Malesiya, ya ce daga yau Cardiff ta daina sa shuɗin da ta fi shekara 100 tana sawa, ja za ta sa, don ya fi karɓuwa a kasuwar Asiya. Mutanen garin suka ci gaba da zuwa fili da tsofaffin shuɗayen rigunansu, ƙungiyarsu na wasa da ja a gabansu, har sai da ya haƙura a Janairun 2015. Na Wimbledon ya fi muni. A 2002 aka amince wa masu kulob su ɗauke shi ɗungurungum daga kudancin Landan zuwa Milton Keynes, tafiyar kusan kilomita 90, daga baya har suna suka canja. Magoya baya ba su bi ba. Suka haɗa kuɗi suka kafa AFC Wimbledon, suka yi shela duk mai ƙafa ya zo gwaji a filin unguwa, suka fara daga mataki na tara, shekara tara bayan nan suka dawo cikin ƙwararru. Wasu 'yan Man U ma haka suka yi a shekarar Glazer, suka kafa FC United, suka bar kallon taurari suka koma kallon yaran gari. Duk lokacin da na ba da wannan labari a majalisa sai a yi tsit, don mun san irin wannan zuciyar, mun san ta a wasu abubuwan, ba mu dai taɓa kai ta ƙwallo ba.

Sai watan Afrilun 2021, da manyan kulob 12, shida daga Ingila, suka sanar da Super League, gasar da su masu kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba. A can gari ya tashi. 'Yan Chelsea suka tare motar 'yan wasansu a ƙofar Stamford Bridge, sai da Petr Cech ya fito yana roƙonsu su ba da hanya. Cikin kwana biyu shirin ya watse. Mako biyu bayan nan 'yan Man U suka kutsa cikin Old Trafford har aka ɗage wasansu da Liverpool. A teburinmu kuwa, a daren da aka sanar, fiye da rabin majalisa cewa suka yi: "To mene ne? Madrid da Man U duk mako, ai mu gaba ta kai mu."

Ban manta daren ba, don a nan na gane wa aka ɗinka wa rigar. Mu aka ɗinka wa. Mai kulob ya riga ya ƙirga: masu shiga fili dubu 40 ne ko 70, ba za su ƙaru ba, kuma suna da baki, suna da tarihi, suna iya tare mota. Masu kallo daga nesa kuwa, daga Kano zuwa Jakarta, miliyoyi ne, ba sa zanga-zanga, ba ruwansu da kuɗin tikiti, babban wasa kawai suke so. Jesin da ke jikinmu na Kwari ne ko Sabon Gari, ba na shagon kulob ba, amma kuɗin da mai gidan kallo yake biya duk wata don tashar ta buɗe, hanyarsu tana ɓullewa can. Da yawanmu ake kafa hujja in za a matsar da lokacin wasa, da mu ake kafa hujja in za a ce wa tsohon da ya shekara 50 yana zama a kujera ɗaya ai ba shi kaɗai ba ne mai kulob. Ba mu yi da niyya ba. Amma ina so mu san cewa a cikin lissafin muke.

Na Newcastle ya zo mana ta wata fuska. Da asusun zuba jari na Saudiyya ya sayi kashi 80 na kulob ɗin a Oktoban 2021, bayan shekara 14 na ƙuncin Mike Ashley, mun ga Turawa suna rawa a ƙofar St James' Park da jallabiya da ƙyalle a ka. A nan kuma wani matashi, ƙanin malamin islamiyyarmu, ya zo da fatawarsa: kulob ya koma na ƙasa mai tsarki, ya kamata kowa ya ba shi ko da rabin zuciya. Alhaji ya dube shi.

"Malam ƙarami, Harami daban, asusun kasuwanci daban. Dubi ƙirjin rigarsu ka karanta mana abin da aka rubuta."

Tallan kamfanin caca ne, kuma ya zauna a wurin har 2023. Wani ya tuna wa majalisa kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a Istanbul a 2018, aka ɗan ja maganar aka bari. Ko da Newcastle ta ci Liverpool ta ɗauki kofi a 2025, na farko a cikin gida tun 1955, magoya bayanta a gidan kallonmu ba su wuce biyu ba. Yara suna jira su ga ko abin zai ɗore.

Ba na cewa duk mai kuɗi ɓarna yake zuwa yi. Vichai, ɗan Tailan da ya sayi Leicester a 2010, ya riƙe garin kamar nasa, yana taimakon asibitoci, ya ga sun ɗauki Firimiya a 2016, shekarar da Ahmed Musa ya je musu muka ara musu ihu na kaka biyu. Ranar da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a wajen filin a 2018, mutanen Leicester kukan ɗan uwa suka yi. Sai dai wannan sa'a ce, kuma magoya baya ba su da hannu a zaɓen wanda zai faɗo musu.

Shi ya sa duk lokacin da Aliko Dangote ya ce yana da burin sayen Arsenal, mu 'yan Arsenal na Kano sai mu ji kamar an yi mana albishir: ɗan garinmu, kulob ɗinmu, shekara da shekaru ba kofin lig. Daga baya ya zuba ƙarfinsa a matatar mai ta Legas, maganar ta kwanta. A wani dare irin wannan ne, muna cikin lissafin 'yan wasan da zai sayo mana, Baba ya kashe rediyonsa.

"Ku dai inuwar giginya ce, na nesa ka sha ku. Kuna roƙon Allah ya ba ɗan Kano kulob a Landan, ga na ƙofar gidanku ba ku san sunan golansa ba."

Baba ya ga abin da ba mu gani ba. Yana saurayi lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, kuma yau sunanta sai a bakin tsofaffi. Ya ga Abiola Babes, ƙungiyar MKO Abiola, ta tara gwanayen ƙasar nan ta ɗauki Kofin Ƙalubale sau biyu, yau babu ita. Ya ga Spartans ta Owerri ta koma Iwuanyanwu Nationale a 1985 da sunan attajirin da ya karɓe ta, wadda Kanun namu ya buga wa kafin ya ƙetare, sannan a 2006 ta koma hannun gwamnati aka sake mata suna Heartland. Suna uku, mutanen gari ɗaya.

"Kulob ɗin mutum ɗaya," in ji shi, "ranar da ya yi fushi ko kasuwa ta juya masa baya, ranar ake masa sutura. Na gwamnati kuma yana numfashi ne da sha'awar wanda ke kan kujera. Ni duka biyun na gani. Abin da ban gani ba shi ne ranar da ku za ku haɗa naira ɗari-ɗari ku ce wannan namu ne."

Shi Kano Pillars yake yi tun da aka kafa ta a 1990. Yana filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a shekarun da ta ɗauki lig, 2008 da kuma sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Yana ba da labarin 2009, da suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, kamar jiya aka yi. Da ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022 bai daina bibiyarta ba, har ta dawo. In ya ce "Sai Masu Gida" muryarsa canjawa take yi. Ba na jin yana hana mu kallon Turai, shi ma yakan leƙo in wasa babba ne. Abin da yake ci masa rai shi ne ya ga yaro ya haddace sunan mai City da ƙasarsa, Sheikh Mansour na Abu Dhabi, ya san a 2008 ya saya, ya san ƙwallon Aguero ta 2012 da mintin da ta shiga alhali yana goye a lokacin, amma bai taɓa jin ƙurar Ƙofar Mata a hancinsa ba. A wannan ni ma ina da laifi, don ni ya kamata in kai ɗan yayana, kuma na yi wa Baba alkawari.

'Yan watanni bayan daren jesi, abin da ba a zata ba ya faru. Rodri ya ji rauni, City ta fara faɗuwa kamar an sare mata gwiwa. Tottenham ta je har gida ta zuba mata huɗu. Kullum aka ga ɗan yayana a layi sai an tambaye shi labarin tuhuma 115 da hukumar Firimiya ta shigar a kansu kan dokokin kuɗi, a ce masa in aka kore su zuwa ƙaramin rukuni wace riga zai saya. Sai ranar Lahadi 15 ga Disamba, City da Man U a Etihad. Rumfa ta cika har waje. Gvardiol ya ci wa City da ka, aka fita sallar magariba a hutun rabin lokaci yaron yana ta murmushi. Saura minti biyu a tashi aka ba Man U fenareti, Bruno ya farke. Kafin a gama ihu Amad Diallo ya kewaye gola ya tura ta biyu. Tela ya hau kan benci da hularsa a hannu. Wasa 11 ke nan, nasara ɗaya tak. Na waiga na ga yaron a zaune inda yake, hannu biyu a tsakanin gwiwa, ido ya kawo ruwa, bai tashi ba sai da kowa ya fita.

Washegari da asuba sanyin hunturu ya sauko sosai. Muna zaune a teburin mai shayi, kowa ya ƙudundune, tela ya riga kowa zuwa don ya san ranarsa ce. Sai ga yaron ya ɓullo daga lungu da kuɗin burodi a hannu. Ya sa rigar sanyi, ya ɗora jesin a kanta, lamba 9 a waje inda kowa zai gani.

Tela ya dube shi sama da ƙasa. "Ba ka cire ba?"

"Ina kwana, Kawu. Ai akwai zagaye na biyu."

Tela ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Ya matsa gefe a kan benci, ya buga wurin da tafin hannu.

"Mai shayi, haɗa wa City mai kauri, da madara. A kuɗina."

Kafin azahar yaran layi sun ɗauka. Da yamma uwarsa ta aiko ƙanwarsa nemansa, ta tsaya a bakin rumfar mai gyaran waya tana tambaya ko an ga Yaya City.